Cikin Yaro Ya San Awonsa: Tamowa da Ƙiba a Ƙasar Magarya da Dungas

 Yau za mu tattauna a kan cin abincin ƙananan yara, daga ranar haihuwa zuwa shekara 5, da kuma yadda ƙiba marar amfani take samo tushe tun yaro yana goye.

Mun san wani zai ce: ina ruwan mutumin Magarya ko na Dungas da zancen ƙiba? Mai wannan tambaya yana da hujja. Ba mu manta da yunwar 2005 ba. A wannan shekara ce ƙungiyar likitoci ta MSF ta kama aiki tare da ma'aikatar lafiya a jihar Damagaram. A daminar 2018 ta ba da sanarwa cewa yara fiye da 700 suna kwance a sashen yara na asibitin Magarya a lokaci guda, akasarinsu saboda masassarar cizon sauro da tamowa. Binciken ƙasa na 2022 kuma ya nuna cewa a Nijar, yara 47 cikin 100 ƴan ƙasa da shekara 5 tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Saboda haka tamowa ita ce babbar abokiyar gabarmu, kuma babu abin da za mu faɗa a nan da yake nufin a rage wa yaro abinci.

To amma masana lafiya sun gano cewa igiya ɗaya ce ta ɗaure tamowa da ƙiba. Yaron da ya sha wuya yana ƙarami, shi ne ya fi zama cikin haɗarin teɓa da ciwon sukari da hawan jini idan ya girma ya samu wadata. Kuma hanyar ciyarwa da take kare yaro daga ramewa, ita ce take kare shi daga ƙiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 yara miliyan 37 ƴan ƙasa da shekara 5 nauyinsu ya wuce ƙima, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa suke.

AWON DA AKA HAIFI YARO DA SHI

Kowane jariri lafiyayye yana zuwa duniya da awo a cikin jikinsa. Awon nan shi ke gaya masa yana jin yunwa, shi ke gaya masa ya ƙoshi. Ku lura da jariri a kan nono. Idan yunwa ta taso yakan juya kai yana neman mama, ya sa hannu a baki, ya yi ta motsi. Kuka shi ne alama ta ƙarshe. Idan ya ƙoshi sai ya saki nono da kansa, hannuwansa su saki, ya kau da fuska ko barci ya ɗauke shi. Ba wanda ya koya masa wannan.

Masana sun daɗe da gwada wannan al'amari. A Amurka, wata likitar yara mai suna Clara Davis ta yi gwaji daga wajen 1928, ta ba da cikakken bayaninsa a 1939. Ta ajiye wa yara 15 da aka yaye abinci iri-iri fiye da 30, kamar nama, madara, ƙwai, hatsi, ganye da ƴaƴan itace, aka bar kowane yaro ya zaɓi abin da yake so, ya ci iya cikinsa. Yaran sun girma lafiya. Amma ku riƙe abu ɗaya: a cikin abincin da ta ajiye babu alewa, babu sukari. Awon yaro yana aiki daidai idan abin da ke gabansa abinci ne na gaskiya.

A 1991 wata masaniya mai suna Leann Birch da abokan aikinta suka auna duk abin da yara 15 ƴan shekara 2 zuwa 5 suka ci cikin kwana 6. Suka tarar yaro yakan ci da yawa da safe, ya ci kaɗan da rana, gobe kuma ya juya. Amma idan aka haɗa cin yini guda, jimillar ba ta bambanta sosai daga rana zuwa rana. Ashe yaron da ya bar saura a kwano da rana yana iya cike gurbin da marece. Wani gwaji da aka buga a 2000 ya nuna cewa ƴan shekara 3 sukan ci gwargwadon cikinsu ko an cika musu kwano ko ba a cika ba, amma ƴan shekara 5 sukan ƙara ci idan aka ƙara zubi. Ma'ana, da girma ya zo, ido da al'adar gida sukan fara rinjayar ciki. Shi ya sa shekarun farko suke da muhimmanci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ABUBUWAN DA KE ƁATA WANNAN AWO

Na farko shi ne ɗura. Mun san uwa ba ta ɗura wa ɗanta kunu don mugunta. Tsoron rama ne, da yawan aiki: ga daka, ga ɗiban ruwa, ga gona. Sai ta kwantar da yaro a cinya, ta tara kunu a tafin hannu, ta toshe masa hanci har ya haɗiye. Haɗarin farko yana nan kusa: kunu yana iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu, yaro ya shaƙe ko ya kamu da ciwon haƙarƙari. Haɗari na biyu yana zuwa a hankali. Yaron da ake yi wa ɗura yakan koyi ɗayan abu biyu. Ko dai ya tsani abinci, yana ganin ludayi ya fara kuka, wannan hanyar tamowa ce. Ko kuma ya daina sauraren cikinsa, ya saba da ci har sai kwano ya ƙare, wannan hanyar ƙiba ce.

Na biyu shi ne rarrashi da zaƙi. Yaro ya faɗi, a ba shi alewa. Ya yi rigima, a miƙa masa biskit. Uwa za ta fita, a saya masa lemun leda don ya yi shiru. Yau kayan nan sun cika teburan masu saye da sayarwa daga Magarya har Bande, Waca, Sasumburum, Guci, Malawa da Dogo-Dogo, da yawansu ta kasuwannin bakin iyaka irin su Maigatari suke shigowa. Yaron da aka saba wa haka yakan haɗa ɓacin rai da ci. Ko ya girma, duk lokacin da ransa ya ɓaci sai ya nemi abin sawa a baki. Kuma zaƙi yana kashe sha'awar abinci: wanda ya sha lemu da hantsi ba zai kalli tuwo da miyar kuka da rana ba. Gwangwanin lemu ɗaya yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, wato kusan ƙwayar sukari 7 irin ta shayi, kuma babu abin gina jiki a cikinsa.

Na uku shi ne bulumboti, wato kwalbar shayar da jariri. Mai ba da nono ba ta ganin yawan abin da ɗanta ya sha, shi ke tsayawa da kansa. Mai riƙe da kwalba kuwa tana ganin saura, sai ta matsa masa ya shanye don madarar da tsada aka sayo ta. Ban da wannan, kwalbar da ba a dafa ba da ruwan da ba shi da tsabta suna kawo zawo.

Na huɗu shi ne cin taro ba tare da mai lura ba. Idan an zuba wa yara biyar a akushi ɗaya, ƙaramin ba ya iya tsere da yayyensa. Wani yakan tashi da yunwa. Wani kuma yakan koyi cusa loma da gaggawa ba tare da tauna ba, kuma wannan hali yakan bi shi har girma.

TUSHE TUN DAGA CIKIN UWA

Masana suna kiran lokacin da ke tsakanin ɗaukar ciki da cikar yaro shekara 2 da sunan kwana 1000 na farko. A cikin kwanakin nan ne jiki yake tsara yadda zai riƙa sarrafa abinci har tsufa.

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, an yi yunwa mai tsanani a yammacin ƙasar Holan. A 1976 aka buga sakamakon binciken samari kimanin 300,000 ƴan shekara 19 na ƙasar. Aka ga waɗanda yunwar ta samu iyayensu mata a farkon rabin goyon ciki sun fi sauran yawan ƙiba. Daga baya, a shekarun 1980 da 1990, wani likitan Ingila mai suna David Barker da abokan aikinsa suka nuna cewa waɗanda aka haifa da ƙaramin nauyi sun fi kamuwa da ciwon zuciya da ciwon sukari a lokacin manyantaka.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa ga manomi. Maigidan da ya taɓa ganin rumbu wayam ba ya wasa da hatsi, ko an yi shekarar albarka sai ya ɓoye. Haka jikin ɗan tayin da bai samu isasshen abinci ba yake koyon tattali. Idan daga baya aka cika shi da sukari da mai, sai ya riƙa tara su a matsayin kitse, musamman a ciki. Yaran da aka haifa a yunwar 2005 sun cika shekara 20 a 2025, da yawansu sun zama iyaye, wasu suna ci-rani a Kano ko Damagaram inda abincin titi da lemun kwalba suke da sauƙin samu. Wannan ba ya nufin lalle za su yi ciwo. Yana nufin su ne suka fi cancanta su kula da abin da suke ci, su riƙa zuwa awon jini.

Ga alamomin da ke sa a ƙara sa ido a kan yaro:

1. An haife shi da nauyin da bai kai kilo 2 da rabi ba.
2. An haife shi da nauyin da ya wuce kilo 4.
3. Uwarsa tana da ciwon sukari, ko ƙiba mai yawa lokacin da take da cikinsa.
4. Bai samu nonon uwa zalla ba a watanni 6 na farko.
5. Nauyinsa yana hawa da sauri ƙwarai alhali tsawonsa ya tsaya.
6. Ya saba da kayan zaƙi tun kafin ya cika shekara 2.
7. Ba ya samun isasshen barci ko filin wasa.

Saboda haka ciyar da mai ciki shi ne matakin farko. Maigida, idan ka ware wa uwargida wake, gyaɗa, ƙwai da nono daga abin da za ka kai kasuwa, ka kuma bar ta ta je awon ciki, to ka fara yi wa ɗanka rigakafi tun bai zo duniya ba.

KADA A RIKITA KUMBURI DA ƘIBA

Wannan wuri ne da ake asarar rayuka. Wani yaro yakan cika, ƙafafunsa da fuskarsa su yi bul-bul, dangi su ce ya yi ƙiba. Alhali ruwa ne ya taru a jikinsa saboda tamowa mai tsanani. Ga yadda ake ganewa: a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, a ɗaga. Idan rami ya zauna a ƙafafun duka biyu, kumburi ne. A kai shi likita a ranar, ba sai gobe ba.

Akwai kuma zaren awon dantse na yara ƴan wata 6 zuwa shekara 5. Ja yana nufin dantsen bai kai milimita 115 ba, tamowa ce mai tsanani. Ruwan ɗorawa yana tsakanin 115 da 125, yaro yana bakin haɗari. Tsanwa daga 125 zuwa sama. A ƙasar Mirya, maƙwabciyarmu, aka gwada koya wa iyaye mata yin wannan awo da kansu, aka kuma ga sun iya.

Haka nan, ƙin cin abinci iri biyu ne. Yaro mai wasa da dariya, wanda nauyinsa ke hawa a katin awo, idan ya ture kwano ya ƙoshi ne. Amma yaro mai zazzaɓi, ko zawo, ko wanda ya yi laushi ya ƙi nono, ciwo ne ya kashe masa sha'awa. Shi wannan ba a jiran ya nema. A riƙa ba shi nono da abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, cikin lallashi, a kuma gaggauta kai shi likita. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kowace rana har tsawon mako 2.

Abincin leda na gyaɗa da ake bai wa masu tamowa, wanda aka fi sani da Plumpy'Nut, magani ne. Leda ɗaya tana da ƙarfin abinci mai yawa don a tayar da wanda ya rame. Ba a raba shi ga lafiyayyun yara, ba a sayar da shi a kasuwa. Wanda ya yi haka ya cuci marar lafiya.

RABON AIKI TSAKANIN UWA DA ƊA

Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Iyaye su ke zaɓen abin da za a ci, da lokacin ci, da wurin ci. Yaro lafiyayye shi ke faɗin yawan da cikinsa zai ɗauka.

Daga haihuwa zuwa wata 6: a sa jariri a nono cikin sa'ar farko. Kada a zubar da dakashi, shi ne rigakafinsa na farko. Nono zalla, ba ruwa, ba bauri, ba kunu, ko a watan bazara. Uwa ta sha ruwa sosai, nononta ya ishe shi. A shayar da shi duk lokacin da ya nema, dare da rana.

Daga wata 6 zuwa 8: a ci gaba da nono, a fara abinci sau 2 zuwa 3 a rana. A fara da babban cokali 2 ko 3, a riƙa ƙarawa har rabin kofi, kofin da huɗunsa ke cika lita ɗaya.

Daga wata 9 zuwa 11: sau 3 zuwa 4 a rana, rabin kofi kowane ci.

Daga shekara 1 zuwa 2: sau 3 zuwa 4 a rana, kusan kofi guda, tare da abin taɓawa sau 1 ko 2, kamar mangwaro, gwanda, dafaffen dankali ko ƙwai. A ci gaba da nono har shekara 2. Idan lokacin yaye ya zo a bi shi sannu-sannu. Kuma muna roƙon kakanni, idan an kawo muku ɗan yaye, ku rarrashe shi da goyo da wasa da tatsuniya, ku bar alewa a tebur.

Cikin yaro ƙarami ne. Na ɗan wata 9 bai fi kofi guda ba. Idan aka cika shi da kunu tsararo, ruwa ya sha, ba abinci ba. A dama kunu da kauri yadda zai zauna a cokali. A ƙara masa garin ƙuli-ƙuli ko tunkuza, garin soyayyen wake, riɗi, garin zogale ko kuka, da nono idan akwai. Duk waɗannan daga gonakinmu da fadamun Korama suke fitowa.

A lokacin ci, a wanke hannu da sabulu, na uwa da na yaro. A ba shi nasa kwano don a ga abin da ya ci. A zauna gabansa ana kallon fuskarsa, ana yi masa magana. Idan ya buɗe baki ko ya miƙo hannu, a ba shi. Idan ya kau da kai, a dakata kaɗan a sake gwadawa. Idan ya ƙi sau biyu ko uku, a ƙyale shi sai an jima. Sabon abinci yakan ɗauki gwaji sau 8 ko 10 kafin yaro ya karɓe shi, saboda haka kada a yanke ƙauna da wuri. Kada a yi duka ko tsawa a kan kwano.

DARASI DAGA TURKE DA GONA

Duk wanda ya taɓa turka ragon layya ya san yadda ake yin kitse: a ɗaure dabba wuri ɗaya, a hana ta yawo, a cika mata dusa da harawa. To yaron da aka zaunar da shi wuri ɗaya da wayar salula a hannu da biskit a baki, turka shi aka yi.

Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2019 ita ce: yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 ya samu aƙalla sa'a 3 na motsa jiki a yini, a rarrabe. Kada a bar shi ɗaure a goye ko a zaune fiye da sa'a 1 a jere. Wanda bai kai shekara 2 ba kada a ba shi kallon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a 1. Game da barci, ɗan wata 4 zuwa 11 yana bukatar sa'a 12 zuwa 16, ɗan shekara 1 zuwa 2 sa'a 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 4 sa'a 10 zuwa 13, har da na rana. Ƙarancin barci yana rikita awon yunwa, ya sa yaro kwaɗayin zaƙi. Uwa mai aikin gona ta riƙa sauke goyo a inuwar gawo, a kan tabarma mai tsabta, yaro ya yi rarrafe a gaban mai lura da shi.

Manomi kuma ya san sha'anin takin zamani. Ɗan tsunkule a gindin shuka yana ƙara amfani. Idan aka zuba tafi guda, shukar ƙonewa take yi. Idan aka hana ta baki ɗaya, sai ta tsumbure. Renon yaro ma gwargwado yake so, a kan lokaci.

ABIN DA MUKE ROƘO

Ku riƙa kai yara awo, ku adana katinsu kamar takardar gona. Ku tambayi ma'aikacin lafiya ya auna nauyi da tsawo duka biyu, ya kuma nuna muku inda layin yaron ya nufa. Layin da ke hawa sannu a hankali shi ake so. Wanda ya kwanta ko ya gangara yana neman taimako da gaggawa. Wanda ya miƙe sama da sauri shi ma abin tambaya ne. Idan an ce nauyin yaro ya yi yawa, kada a hana shi abinci. A janye lemu da alewa da biskit, a bar masa tuwo da wake da ganye da nono, a sake shi ya yi wasa, tsawo zai tarar da nauyi.

Ɗalibai na ajin yaƙi da jahilci, ku karanta wannan shafi ga waɗanda ba su iya karatu ba, a dandali, a wurin suna, a bakin rijiya. Ku tattauna waɗannan tambayoyi a ajinku: A garinmu har yanzu ana ɗura? Nawa gidanmu yake kashewa a kan alewa da lemu a mako, kuma ƙwai nawa kuɗin zai saya? Wa yake zama da ƙaramin yaro idan yana cin abinci? Ku aiko mana da amsoshinku ta hannun malaminku.